Ranar da aka kwance mini lambar mota a bakin kasuwa

Saura kwana huɗu a kama azumi na fito daga Mabera da 'yar a-kori-kurar da na saya a hannun wani, zan ɗebo kayan shago a Babbar Kasuwar Sakkwato. A da kabu-kabu nake hawa in je in gama sayayya, in haɗa kayan da mai Keke Napep ya kawo mini har ƙofa. Kuɗin dako ne ya ishe ni na sayi motar, kuma ranar ce farkon shigata kasuwa da ita. Na daɗe ina tuƙa ƙaramar mota, don haka ban ɗauka akwai wani sabon karatu a gabana ba.

Wanda ya san bakin kasuwar nan ya san yadda wuri ke tsada. Tun bayan gobarar watan Janairun 2021 na lura 'yan tebur sun ƙaru a gefen titi, ga baro, ga kura, ga babura jere kamar haƙoran mashaci. Na yi zagaye biyu ban samu inda zan sa hancin mota ba. A na uku sai ga fili, fili mai kyau, har da inuwar dogonyaro. A jikin wani ƙarfe an kafa allo an rubuta LOADING AND OFFLOADING ONLY. Na yi hamdala. Na ce ai wannan wurin don ni aka tanade shi, lodi ya kawo ni. Na gyara tsayuwa, na ɗaga gilashi, na kulle, na shige.

Dilan sukarin da nake saye a wurinsa ya fita, aka ce in jira. Na jira. Na leƙa wajen masu man gyaɗa muka ja ciniki, na biya kuɗin katan 30 na taliya, na tsaya zaɓen dabino. Aka kira Azahar, na yi. Sai da na haura awa ɗaya da rabi kafin na fito, 'yan dako biyu na biye da ni.

Tun daga nesa na ji ƙarar oda. Wata kanta ce ta tsaya a tsakiyar kwalta ana sauke buhunan shinkafa, motoci sun yi layi a bayanta, kowa na zagin kowa. Har na fara cewa a raina wasu direbobi ba su da tsari. Da na matso sai na ga dalilin tsayuwarta a nan: wurin da ya kamata ta shiga, motata ce kwance a ciki tana shan inuwa. Lambar gaba babu. Wani jami'in kula da hanya na jingine da bishiyar, lambar na hammatarsa.

"Alhaji, motarka ta?"

Na ce, "Tawa ta, yallaɓai."

"Mi kaka yi nan tun sha biyu?"

Na nuna masa allon, na nuna masa 'yan dako. "Lodi. Ga kayan nan."

"Yanzu kaz zo lodi. Ɗazu mi kaka yi?"

"Sayayya."

"To, sayayya lodi ta?"

Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Na so in yi gardama, don ni a ganina duk tafiya ɗaya ce, wanda zai yi lodi ai sai ya sayi abin da zai loda. Amma ga kanta a tsakiyar titi, ga mutum hamsin na kallona. Aka ce in bi su da motar. Ranar a harabarsu ta kwana, don kafin in karɓi takarda in isa banki an rufe. Kayan kuma Keke Napep biyu na ɗauka suka kai mini Mabera. Kuɗin dakon da na sayi mota don in huta da shi, sai da na biya shi ninki, ga tara a kai.

Washegari da na je da rasit, na tarar da direban kantar nan a wajen, shi ma wata takarda ta kawo shi. Dattijo ne, gemunsa duk furfura. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, sannan ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini karatun da ban taɓa samu ba. Ya ce abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai tsayawa, wato ka taka burki wani ya sauka ko ya hau, kana kan sitiyari. Akwai lodi, wato bayan mota a buɗe, kaya na shiga ko na fita, kai ko yaronka na tsaye a wurin, da an gama ka ja. Sai fakin, wato ka bar mota ka tafi harkarka. "Ɗana," in ji shi, "in injin ya huce, bayan mota na rufe, kai ba ka nan, wanga fakin na, ko da niyyar lodin duniya kaz zaka." Ya ce wurin lodi kamar bakin rijiya yake, ka ja gugarka ka matsa. Mota goma za su iya amfana da wannan filin a awa ɗaya da rabin da na cinye ni kaɗai.

Na koma gida da kunya, na sa ɗan wana da ya yi makarantar koyon tuƙi ya kawo mini littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Hukumar tun 1988 take, amma ni ban taɓa buɗe littafinta ba. A filin ƙwallo wani yaron mota ya koya mini tuƙi, kamar yawancinmu. A littafin na ga ashe siffar allo ita ce rabin maganarsa. Da'ira mai jan baki hani take yi. Da'ira shuɗiya zalla umarni ce. Mai kusurwa uku gargaɗi, mai kusurwa huɗu kuma sanarwa kawai.

Akwai wasu tagwaye biyu da na shekara ina wucewa ban san bambancinsu ba. Dukkansu da'ira ce shuɗiya mai jan baki. Ɗaya jan layi guda ne ya ratsa ta a karkace, ɗayar kuma layi biyu ne suka gicciye. Mai layi ɗaya ta hana ajiye mota, amma za ka iya dakatawa ka sauke mutum ka wuce. Mai gicciye ta fi tsanani, ko tsayawar ma ba a yarda ba sai da larura irin ta lalacewar mota. Ni da a zatona mai gicciyen nan tana nufin an rufe hanya, har nakan yi mamakin ganin motoci na bi. Waɗannan siffofi an daidaita su ne a yarjejeniyar alamomin hanya da aka yi a Biyana a 1968, shi ya sa ba su ɗauke da rubutu, don mai Turanci da mai Faransanci su karanta abu ɗaya. Direban da ke ƙetare Illela zuwa Ƙonni ta Nijar bai bukatar sabon littafi a kansu.

Sai dai littafi daban, titin Sakkwato daban. A littafi ja ja ne, shuɗi shuɗi ne. A nan kuwa allo na tsaye cikin ranar da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, hunturu ya zo ya shafe shi da ƙura, kuma jan fenti shi ke fara mutuwa. Wannan ya kusa sake jefa ni. Bayan sallah na je karɓar kaya a wani titi da ke ɓullewa Ahmadu Bello Way, na ga allo da harafin P ƙato, fes, babu komai a kansa. P ai izinin fakin ne. Har na kashe mota sai wani abu ya tsaya mini: allon zagayayye ne. Na fito na sa hannu na goge ƙurar, sai ga inuwar layi a karkace a kan harafin, ya koɗe ya koma kalar ƙasa. Rana ta cinye hanin ta bar izini. Allon da ke ba da izinin fakin mai kusurwa huɗu ne, shuɗi, da farin P. In ka ga P a cikin da'ira, hani ne, ko da jan ya gudu gaba ɗaya. Tun ranar na daina yarda da launi, ƙarfen nake kallo, don rana ba ta iya mai da da'ira ta zama murabba'i.

Ƙaramin allon da ake liƙawa a ƙarƙashin babban kuwa, nan ne ainihin sharaɗin yake, kuma shi ya fi shan wahala. A nan ake rubuta daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ko a zana kibiya mai nuna inda hanin ya nufa. Daidai tsayin hannun mai manna fosta yake, don haka lokacin zaɓen 2023 akwai wanda na gani fuskokin 'yan takara uku a kansa, ɗaya bisa ɗaya. Kibiyar ma ba kullum take da gaskiya ba. Babbar mota na ribas ta goge ƙarfen, ya juya, kibiyar da aka kafa tana kallon gabas ta koma tana nuna cikin shagon wani. Abin da nake yi yanzu shi ne in taka da ƙafa zuwa allo na gaba. In kibiyoyin biyu na kallon juna, abin da ke tsakaninsu ne aka hana. In babu na biyun, ina ɗauka hanin ya kai har mahaɗar titi ta gaba, in nemi wani wuri.

Akwai kuma allunan da ba gwamnati ta kafa ba, kuma sun fi na gwamnati yawa. Guntun katako ko murfin duro, an rubuta NO PARKING BY ORDER da fentin da ya rage daga ƙofa. Odar wa? Ba a faɗa. Wani ko rubutun ba ya yi, tsohuwar taya biyu da benci zai jera a gaban shagonsa. A gaskiya titi ba na mai shago ba ne, kuma na taɓa tsayawa ina faɗa wa wani haka. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Gaskiya ta, Alhaji, amma in ka toshe min ƙofa, ta ina masu saye za su shigo?" Shi ma da tasa gaskiyar. Yanzu sallama nake yi, in ce minti goma zan yi, sau da yawa da kansa zai janye bencin. Wanda ya ƙi, ba na ja, don na ga yadda ake dawowa a tarar da taya huɗu a ƙasa, babu wanda ya ga wanda ya sace iskar. Gaban banki da wuraren jami'an tsaro kuwa, ko da allo ko babu, ban ko rage gudu.

Kalmar lodi kanta tana da tarko. A bakin ɗan kasuwa kaya take nufi, a bakin ɗan tasha kuwa fasinja. NO LOADING da ake rubutawa kusa da shataletale ko bakin tasha yawanci da masu ɗaukar fasinja a hanya ake. Wata rana wajen Dandima na tsaya ɗaukar wasu maƙwabtana mata biyu da buhun albasarsu, kafin su hau 'yan kamasho sun kewaye ni, wai ina satar fasinja. Sai da ɗaya daga cikin matan ta kira ni da sunan babban ɗana, ta tambaye su ko su ma kuɗin mota suke karɓa a hannun maƙwabtansu, sannan suka watse suna dariya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk rubutun nan da Turanci ake yin sa. Yawancin masu tuƙa kanta da a-kori-kura a garin nan suna karanta Hausar boko ko ajami, amma kalmar OFFLOADING sai dai su haddace surarta. Me zai hana a ƙara layi ɗaya a ƙasa: wurin ɗora kaya da saukewa kawai, kada a bar mota? Da haka aka rubuta, da ban kulle tawa na shige ba. Gari ne da Muhammadu Bello ya kafa tun 1809, lungunan cikinsa an yanka su daidai raƙumi da jaki, yau kuma daf ake so ta juya a ciki. Wuri ya riga ya yi kaɗan, bai kamata a ƙara da allon da rabin masu mota ba sa ji ba. Ranar Juma'a dai ba a bukatar allo, kowa ya san in rana ta take, titunan da ke kewaye da Masallacin Bello da na Shehu sahu ne, mai lodi ya jira a sallame.

Yanzu tsarina ya canja. Motar nakan bar ta can nesa inda ake biyan mai gadi, in shiga da ƙafa in gama ciniki, 'yan dako su tara kayan wuri ɗaya a bakin ƙofa. Sai an ƙirga an cika nake zuwa in jawo ta. Ina tsayawa yarona ya sauke ƙyauren baya, ni kuma ban matsawa daga jikin ƙofa. Na duba agogo sau da yawa, bai fi minti 12 ba.

Makon jiya ina cikin haka, a ƙarƙashin dogonyaron nan dai, wani mai jar mota ya shigo bayana ya kashe, ya fara ɗaga gilashi. Na matsa na yi masa sallama, na ce, "Malam, nan in ka bar ta za a kwance maka lamba." Ya dubi allon, ya dube ni, ya kaɗa makulli ya ce, "Kaya zan ɗauka, Alhaji, ban daɗewa." Ya shige kasuwa. Ɗan dakona ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya gyara gammonsa ya ce, "Alhaji, sukari za mu fara sawa ko mai?"