Yadda Na Rage Gishiri a Girkina Ba Tare da Abincin Ya Yi Lami Ba

Likitan da ke duba mahaifiyata ne ya fara gaya mini adadin: ƙasa da giram 5 na gishiri a yini ga babban mutum. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan, kuma bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Wannan ɗan cokalin shi ne na duk abin da zai ratsa maƙogwaro daga karin safe zuwa abincin dare, har da wanda ya shigo a ɓoye. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna abin da mutum ke ci a duniya, a matsakaici, ya kusa giram 11, wato ninki biyu har da ɗoriya. Ta kuma ƙiyasta cewa yawan sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, yana da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan 1.9 a kowace shekara, galibi ta hanyar hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Umma a wurina take zaune, kuma ni ke riƙe da tukunya. Tun farko na ƙi yarda a riƙa yi mata girki daban. Ban ga dalilin da tsohuwa za ta zauna da kwanon abinci salam tana kallon jikokinta suna santi ba. Na ce in ragewa za a yi, duk gidan za mu rage, kuma dole abin ya ciwu.

Na fara da bin sawun gishirin, domin wanda nake ɗiba da yatsu ba shi kaɗai ba ne. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. Akwai shi a burodi, da kifin gwangwani, da naman da aka sarrafa, da cuku, da ɗan ƙullin garin da ke zuwa cikin taliya mai saurin dafuwa. Har garin kayan ƙamshi da ake haɗawa a kamfani, sau da yawa in ka juya bayan leda za ka tarar gishiri ne a sahun farko, kuma ƙa'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Na koyi wani ɗan lissafi da ya yi mini rana: in an rubuta sodiyam, a ninka shi sau 2.5, shi ne nauyin gishirin. Miligiram 400 na sodiyam giram 1 ne na gishiri.

Ban yanke shi lokaci guda ba. Na riƙa zabge kaɗan, in bari a saba, in sake zabgewa. Harshe yana horuwa cikin makonni, abin da da ake jin daidai ne sai a dawo ana cewa ya yi zau. An ma gwada wannan a kan ƙasa guda. A Ingila an sa kamfanoni sun riƙa rage gishirin burodi da sauran kayan leda a hankali, har abin da mutum ke ci ya sauko daga giram 9.5 a 2003 zuwa 8.1 a 2011, ba tare da masu saye sun ƙaurace wa kayan ba.

To amma ragewa kaɗai ba ta ba da daɗi. Abin da na gano, wanda shi ya sa nake wannan rubutu, shi ne yawancin abin da muke kira ɗanɗano a hanci yake. Duk wanda mura ta taɓa toshe wa hanci ya san yadda abinci ke komawa ba armashi. Da gishiri ya ja baya sai giɓin ƙamshi ya bayyana, kuma cike shi bai dogara ga yawan kayan ƙamshin da aka zuba ba. Ya dogara ga lokacin da aka zuba kowanne, da yadda aka tashe shi.

Masu ƙwaya, irin su masoro da kanumfari da kirfa, a busasshen kasko nake fara gasa su, ba mai, wuta ƙasa-ƙasa, ina girgizawa. Da zarar ƙamshi ya bugi hancina sai in sauke, domin tsakanin gasuwa da ƙauri ƙiftawar ido ne. In sun huce in daka kaɗan, daidai na 'yan kwanaki, in rufe a kwalba nesa da murhu. Garin da ya yi wata da watanni a buɗe, launi kawai ya rage masa.

Sai mai. Mafi yawan sinadaran ƙamshi a mai suke narkewa, ruwa ba ya fito da su sosai. Shi ya sa kurkum ko kori da aka watsa a kan ruwan miya yana tafasa yake barin wani ɗanyen bauri a baki, alhali in ya taɓa mai mai ɗumi na ɗan lokaci sai ya buɗe. Ga yadda nake yi. In zuba mai, in sa albasa mai yawa, fiye da yadda na saba, in rage wuta in ƙyale ta. Za ta yi laushi, ta yi haske, sannan gefenta ya fara ja, zaƙinta ya fito. A nan ne nake sa citta da tafarnuwa. Tafarnuwar tun kafin in kunna wuta na dandaƙa ta na ajiye, saboda sinadarin alisin mai ba ta ƙarfi sai an farfasa ta yake samuwa, kuma yana son 'yan mintoci. Ba ta jure zafi, in ta ƙone ɗaci take yi, don haka tana fara ƙamshi sai garin ya biyo baya, in juya kaɗan, sai tumatir. Shi ma tumatirin ina barinsa ya soyu har mai ya taso sama, domin yana da sinadarin gulutamet na halitta, irin wanda ke ba dunƙule daɗinsa, kuma tsanewar ruwan ce ke tattara shi.

Ranar da na fara bin wannan tsari sosai, Umma ta kai loma biyu ta ɗago ta ce, "'Yar nan, yau kin maido mana da gishirin ne?" Na ce, "A'a Umma, ko rabin na da ban sa ba." Ta yi shiru ta ci gaba da ci, ta miƙo kwano a ƙara mata.

Ganye kuma nasa hukuncin daban. Busasshe, kamar tayim, da wuri yake shiga don ya samu lokacin jiƙa. Ɗanye, kamar na'a-na'a da ɗoɗɗoya da ganyen albasa, sai an kusa saukewa ko ma an sauke, in ba haka ba ƙamshin ya bi tururi. Kanumfari kuwa a yi hattara da shi, ƙwaya biyu sun ishi tukunya, in ya yi yawa ya danne kowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsami. Sau da yawa in na ɗanɗana na ji kamar da saura, hannu ya nufi gishiri, sai in matsa lemon tsami ko in ɗiga ruwan khal, nan take abin ya farka. A kifi yana kashe ƙarni, a wake da dafaffen ganye yana yin aikin da na daɗe ina zaton gishiri ne kawai ke yi. Nama kuwa tun dare nake cuɗa shi da citta, tafarnuwa, masoro da lemon, in sa a firiji, in kuma zan dafa in bar shi ya yi ja a kasko kafin ruwa ya taɓa shi. Barkono ma yana taimakawa, zafinsa yana sa baki ya ji abinci ya cika, sai dai ba kowane ciki ke ɗaukarsa ba, kuma Umma kaɗan take so.

Ɗan gishirin da ya rage ina tattalinsa. Na daina sa shi a ruwan dafa shinkafa da taliya. A abin da aka gasa ko aka soya, a ƙarshe nake barbaɗawa, saboda wanda ke sama shi harshe ke fara tararwa, kaɗan sai ya ji kamar da yawa. Ban cire shi ɗungurungum ba. Jiki yana bukatar sodiyam, gishiri yana danne ɗacin wasu ganyaye, kuma mai aidin nake saye saboda kariya daga maƙoƙo.

An ba ni shawarar gishirin nan da aka maye wani kasonsa da potasiyam. Yana da hujja: wani babban bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na China, da mutum kusan 21,000, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari ga masu amfani da shi. Sai dai yana iya zama haɗari ga mai ciwon ƙoda, da mai shan wasu magungunan hawan jini da ke tara potasiyam a jiki. Don haka sai da na tambayi likitan Umma, ya duba magungunanta ya ce kada ta yi amfani da shi, muka bar shi.

Umma tana nan tana shan maganinta kamar yadda aka rubuta mata, girki bai maye gurbinsa ba, kuma muna auna jinin a gida muna rubutawa don mu nuna ranar asibiti. Inda har yanzu nake fama shi ne abincin waje da burodi, waɗanda ba ni na haɗa su ba. In na san za mu ci a waje da rana, sai in yi na safe da na dare kusan ba gishiri, in ƙara lemon da ganye. Burodi kuwa ina duba bayan leda in kwatanta, in ɗauki wanda sodiyam ɗinsa ya fi ƙasa a kowane giram 100.