Keken ɗana

Jibi Litinin za a koma makaranta, shi ya sa yau na fito da keken ɗana daga zaure. Ina matsa birkin baya sai na ji hannu ya tafi har ƙarshe, taya kuwa tana juyawa abinta. Gabana ya faɗi. Ashe haka yaron nan ya riƙa ratsa titi cikin 'yan adaidaita sahu duk zangon da ya wuce, da takalminsa yake tsayawa!

Muka kai wa mai gyara, ya sa sabuwar robar birki, ya ɗaure waya, ya ɗiga wa sarƙa mai. Na sa aka sauke sirdin har ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Ƙararrawa ce kawai ban samu ba, gobe zan leƙa kasuwa in sha Allah.