Yadda na bar packer na koma lazy.nvim

Shekara uku ke nan ina rubuta kod da Neovim, wani editan rubutu na masu kod, a kan wata tsohuwar kwamfuta da na saya hannu na biyu. Da farko packer ne ke jawo mini ƙananan kayan da ake liƙa wa editan, masu canza launin rubutu da masu nemo fayil da sauransu. A watan Agusta na 2023 mai packer ya sanar cewa ya daina kula da shi. Ban motsa ba, tunda yana aiki.

Abin da ya tashe ni wani dare ne a ɗakina, nan unguwar Ali Ɗan Sofo. Na sa a sabunta komai, ana tsakiyar saukewa forfe ɗina ya ƙare. Rabi sabo, rabi tsoho, edita ya buɗe da jan rubutu ko'ina, ga aikin mutane zan miƙa da safe.

Washegari a fada, wurin shayi, wani abokina da ya yi karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ce in ɗauki vim-plug, wani mai irin aikin packer. Fayil guda ne, ka jefa shi, ka buga :PlugInstall, shi ke nan. Gaskiya yana da sauƙi, kuma shi har yau da shi yake aiki. Amma ni abu ɗaya nake nema: in abu ya lalace, in iya komawa jiya.

Shi ya sa na tsaya kan lazy.nvim, shi ma mai jawo kayan edita ne. Yana ajiye wani ɗan fayil, lazy-lock.json, inda yake rubuta ainihin sigar kowane abu da ka girka. Ina adana shi a cikin Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayil. In sabuntawa ta kawo ɓarna, sai in dawo da tsohon fayil ɗin, in buga :Lazy restore, kayan su koma sigarsu ta da. Saurin buɗewa da ake ta yabon sa a kai bai dame ni ba. Kayana goma sha huɗu ne kacal.

Abokin nawa ya ce ai vim-plug ma yana da :PlugSnapshot, mai adana sigar kayan. Haka ne, amma sai ka tuna ka buga shi da kanka, ni kuwa na san halina.

Da ƙanena ya samu tasa kwamfutar, kwafe masa babban fayil ɗin ~/.local/share/nvim/lazy, inda kayan suke, na yi a kile, ko mega ɗaya ba mu ƙona ba. Yanzu sai ran Asabar nake sabuntawa, bayan na duba sauran forfe.