Ranar da wata 'yar tsuntsuwa ta fasa mini kai a tsibiran Farne

Tambayar farko da aka yi mana a tashar jiragen ruwa ta Seahouses ita ce ko mun zo da hula. Ni na ɗauka zancen sanyi ake yi, na ce a'a, ai watan Yuni ne, ga rana ta fito tarwai. Matar da ke duba tikiti ta yi murmushi irin na wanda ya san abin da ba ka sani ba, ta miƙo mini takardata. Yayana kuwa, wanda shi ya ja ni tafiyar, tuni ya kafa tasa hular har kunne. Na ce, "Yaya, sai ka ce mai shirin shiga ƙanƙara?" Ya ce, "Bari dai Malam, gani ya kori ji."

Seahouses ƙaramin garin masunta ne a gaɓar Northumberland, arewa maso gabashin Ingila, kuma daga nan jirage ke kwasar masu zuwa kallon tsuntsaye da dabbobin teku a tsibiran Farne. Idan ka tambayi tsibiran nawa ne, amsar ta danganta da sa'ar da ka yi tambayar: in ruwa ya ciko 15 ne, in ya janye sai su kai 28, don sauran duwatsu ne da teku ke haɗiyewa ya amayar sau biyu a rana. Babu mai zama a can dindindin sai ma'aikatan ƙungiyar National Trust da ke kula da wurin a lokacin ƙyanƙyasa.

Jirgin namu ba wani babba ba ne, bayansa a buɗe, da bencina a jere. Muddin muna cikin katangar tashar komai lafiya lau, har ina ɗaukar hoton fadar Bamburgh da ke hangen teku daga kan tudu. Muna fita fili sai labari ya sha bamban. Jirgi ya hau, ya sauka, ya karkata, cikina ya bi shi. Na sha maganin tashin zuciya, amma sai da na taka jirgin na haɗiye shi, alhali tun kafin a tashi da kamar awa guda ake son a sha. Yaron jirgin ya ga fuskata ya ce in ajiye waya, in koma tsakiya inda girgiza ta fi sauƙi, in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Dalilin jirin ke nan ashe: ido na cewa a zaune kake, abin da ke cikin kunne mai kula da daidaiton jiki na cewa ana wujijjiga ka, ƙwaƙwalwa ta rasa na wa za ta ɗauka. Da na ba ido abin da ba ya motsi, sai suka shirya a hankali.

Hanci ne ya fara sanar da ni mun iso. Wani ƙarni ne mai kauri na kifi da kashin tsuntsaye, wanda ke shiga har maƙogwaro. Sai kunne ya biyo baya, hayaniya kamar an tara dubban masu faɗa ba mai raba su. Daga ƙarshe ido ya gani: wasu dogayen duwatsu tsaye cikin ruwa a gefen tsibirin Staple, baƙaƙe daga ƙasa, farare fat daga sama. Na zaci fenti ne. Kashi ne na shekara da shekaru. A kan kowannensu tsuntsayen gilimot ne tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba masaka tsinke, baya baƙi-baƙi, ƙirji fari.

Gilimot ba ta san wani abu wai shi sheƙa ba. Ƙwai ɗaya tak take yi, a kan tsurar dutse, ƙwan kuma mai tsini ne ta gefe guda. An daɗe ana cewa tsinin na sa shi juyawa a wuri ɗaya maimakon ya gangara ruwa, amma masu binciken baya-bayan nan sun fi karkata ga cewa siffar na sa ya zauna daram a kan gangare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ɗan ke barin gida. Yana da kamar mako uku, fiffikensa bai isa tashi ba, sai ya yi tsalle daga kan dutsen ya faɗa teku, uban na ƙasa yana kiransa. Uban ne kuma zai tafi da shi cikin teku ya ci gaba da ciyar da shi, uwar ba ta bin su.

Da muka kewaya wasu ƙananan duwatsu sai matuƙin ya rage inji har ya kusa yin shiru. Da farko ban ga komai ba sai duwatsu masu santsi. Sai wani dutse ya ɗaga kai ya yi hamma. Dabbobin sil ne, masu ruwan toka, a baje suna shan hantsi, wasu sun ɗaga kai da jela sama sun lanƙwashe kamar baka. Wanda ya san ayu zai ɗan hango kamanninsu, sai dai waɗannan kifi suke farauta, kuma kansu ya fi kama da na kare mai dogon hanci. Namiji na iya kai kilo 300. Cikin ruwa kuma kawuna suka riƙa ɓullowa kewaye da mu, ɗaya nan ɗaya can, idanu manya baƙaƙe, suna bin mu da kallo. Yaya ya ce, "To, yanzu wa ya zo kallon wa?"

A nan ne wani fasinja mai kyamara doguwa kamar turmi ya fara matsa wa matuƙin ya ƙara kusantar dutsen. Matuƙin ya girgiza kai kawai. Ni a raina na ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari. Sil ba don nishaɗi yake hawa dutse ba, hutawa yake yi, ya ɗumama jiki, abincin da ya ci ya narke. In jirgi ya matso ya firgita su, rugawa suke yi gaba ɗaya su faɗa ruwa, wasu su gurje ciki a kan kaifin dutse, duka kuma sun yi asarar hutun. A kaka abin ya fi muni, don daga Oktoba zuwa Disamba ne suke haihuwa a nan, 'ya'ya sama da 2,000 a shekara, farare sol, kuma uwar na shayarwa ne na kamar mako uku kacal da nono mai maiƙon da ya kai rabi. Duk shan da ɗa ya rasa a wannan ɗan lokaci ba ya dawowa. Don haka in za ka zaɓi jirgi, wanda ke alfahari da cewa zai kai ka har ka taɓa dabba, bar shi ya wuce.

Mutumin nan dai bai haƙura ba, sai ya koma ƙorafin ba a ga dolfin ba, wata dabbar teku mai siffar kifi. Ba a gani ba kuwa. Suna biyowa ta wannan gaɓar, wata rana har su raka jirgi, amma ba su yi alkawari da kowa ba.

Mun wuce ta gaban hasumiyar fitila ta Longstone, ja da fari. Daga nan ne a Satumban 1838 Grace Darling, 'yar mai kula da fitilar, tana da shekara 22, ta shiga kwale-kwale da mahaifinta cikin hadari, aka ceto mutum tara daga jirgin Forfarshire da ya daki dutse. Na dubi ruwan, a ranar da ake cewa ya kwanta ma ke nan, na dubi hannuna da ke riƙe da benci gam, na yi shiru.

Sai saukar Inner Farne, ɗaya daga cikin tsibiran. Daga matsayar jirgi akwai wata 'yar hanya da ke hawa zuwa tsohon ɗakin ibadar da ke tsibirin, kuma tsuntsayen tan na yankin Aktik sun zaɓi su zuba ƙwansu a gefenta, wasu ma dab da inda za ka taka. Ban yi taku goma ba na ji wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani saman kaina, sai ƙwas! Na dafe wurin. Kafin in ɗago, an ƙara. Wata farar tsuntsuwa ce siririya, kai baƙi, baki ja wur, jela a rabe biyu, ta tsaya cak a iska daidai goshina tana zazzaga mini masifa. Na duba yatsana, ga ɗigon jini. Yaya na gaba yana tafiya a natse, ana ta saran hularsa, dariya har da riƙe ciki.

Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Wata ma'aikaciyar tsibirin ce ta nuna mini ƙasa da yatsa: taku ɗaya daga takalmina ga wani ɗan tsako mai dabbare-dabbare, launinsa ya saje da tsakuwa. Tsuntsuwar nan nauyinta bai fi giram 100 da 'yan kai ba. Duk shekara tana barin nan ta gangara har tekun Antatika a ƙarshen kudancin duniya, ta juyo. Masu bincike na Jami'ar Newcastle sun ɗaura wa wasu 'yar na'ura a ƙafa a 2015, ɗaya ta dawo a 2016 bayan ta ci kilomita kusan 96,000. Wadda ta yi wannan tafiya don ta zo ta ajiye ƙwai biyu a wannan tsakuwar, ni da na zo yawon awa guda ina da bakin magana? Na ja rigar sanyina na lulluɓe kai na wuce sumui-sumui.

Saman tsibirin ne na tarar da abin da ya kawo ni, wato fafin, wanda wasu ke kira akun teku saboda bakinsa mai ja da rawaya. A hoto na ɗauka zai kai agwagwa, ashe bai fi tantabara ƙosasshiya ba. Ƙasar wurin duk ramuka ce, don a rami suke ƙyanƙyasa, ƙwai ɗaya, miji da mata ɗaya, galibi ramin bara suke komawa. Ma'aurata sama da 40,000 ke zuwa tsibiran daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuli, sauran shekara kuma a tsakiyar teku suke, ko ƙasa ba sa takawa, kwalliyar bakin ma zubewa take yi sai wata shekara.

Na zauna a gefen igiyar da aka kewaye hanya da ita na zuba wa rami ɗaya ido. Can sai ga mai ramin ya taho kamar an jefo shi, fiffike na kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, baki cike da siraran kifaye masu sheƙi sun jeru suna reto. Akwai wasu 'yan ƙayoyi a dasashin bakinsa da yake danne kifin da harshe, shi ya sa yake iya kama na gaba bai saki na farko ba. Matsalarsa 'yan fashi: wasu tsuntsayen teku masu kai ruwan ƙasa-ƙasa sun yi dako a bakin ramuka suna jira. Ya sauka da ƙirji, ya tuntsura, uku suka yi masa caa, kifi ya watse. Ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya tsaya jim kamar mai lissafi, ya koma teku. Karo na biyu bai ma sauka a waje ba, kai tsaye ya zarce cikin ramin kamar harsashi. Na samu kaina ina tafi ni kaɗai.

Kare tsuntsayen wurin ba yau aka fara ba. Wani malamin Kirista mai suna Cuthbert da ya keɓe kansa a wannan tsibiri, ya kuma rasu a nan a shekara ta 687, ana danganta masa dokar hana taɓa agwagin teku, har yau mutanen yankin na kiran agwagin da sunansa. Amma doka ba ta tare cuta. A 2022 murar tsuntsaye ta afka wa tsibiran, ma'aikata suka tattara gawar tsuntsaye kusan 6,000, aka hana baƙi sauka, sai a 2024 aka sake buɗewa. Ma'aikaciyar da ta nuna mini ɗan tsakon ta faɗi wannan ne tana kallon duwatsu, ba ta ƙara komai a kai ba.

A hanyar dawowa cikina ya lafa. Yaron jirgin ya nuna wani farin tsuntsu babba mai baƙin bakin fiffike yana shawagi can sama, ya ce ganet ne, irin waɗanda ke ƙyanƙyasa a dutsen Bass na Sikotland. Na ɗaga waya ina laluben sa a gilashi. Kafin in same shi ya naɗe fiffike ya soko kai ƙasa kamar mashi, gudun da kan kusa kilomita 100 a awa, ruwa ya yi tsiri. Kowa a jirgin ya yi ihu. Ni abin da na samu shi ne hoton sama da rabin hular Yaya, ga farin tabo a tsakiyarta inda wata tan ta yi masa sallama.