Gada ma tana magana, in kana da kunne

Ranar da na fara wannan aiki na binciken lafiyar gadoji, maigidana bai ba ni na'ura ba, sarƙa ya miƙo mini. Da asuba muka hau gadar tun tireloli ba su fara wucewa ba, ya ce, "Ja ta a kan kankaren, ka kasa kunne." Inda kankare yake da lafiya sarƙar na ƙara tsaf. Can sai sautin ya dushe, kamar tukunyar ƙasa mai tsaga idan mace ta ƙwanƙwasa ta a kasuwa. Ya zana wurin da alli, ya ce, "Yaro, nan ciki ya rabu." Ido kuwa bai ga komai ba, sumul.

Abin da ke faruwa shi ne ruwa ya ratsa har ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ɗaga kankaren daga ciki. Aikinmu mu gano wurin ba tare da mun fasa gadar ba.

Yanzu a kamfanina muna da rada, wato na'urar da ke leƙa cikin kankare, mai nuna zurfin rodi da inda danshi ya taru, ko da an shimfiɗa kwalta a sama, don sarƙa ba ta aiki sosai a kan kwalta. Muna da kyamarar zafi: da rana wurin da ya rabu yakan riga sauran ɗaukar zafi, saboda iskar da ke cikin tsagar. Duk inda na'ura ta nuna, sai na koma da guduma na ji da kunnena kafin in sa hannu a rahoto.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu yawo da gudumar Schmidt kaɗai. Kayan aiki ne mai kyau, amma taurin fatar kankare kawai take aunawa, kuma tsohon kankare fatarsa kan yi tauri alhali ciki ya lalace. Su buga nan da can, su rubuta "lafiya lau", su karɓi rabin kuɗinmu. Sai mai aiki ya ce mini, "Injiniya, wancan yini ɗaya ya gama, kai kana neman mako?" Wani ma da ya ƙi farashinmu, bayan damina biyu ya kira ni, kankare ya ɓantare daga ƙarƙashin gadar, rodi tsirara. Na je, kuma da sarƙar maigidana a bayan mota.