Hayaƙin sigari da sankarar bututun matsarmama

Idan aka ce sigari na kawo sankara, hankalin yawancin mutane huhu yake tafiya, wasu kuma su ƙara da baki da maƙogwaro. Da wuya ka ji wanda ya ambaci siririn bututun nan da ke kwashe ruwan matsarmama daga hanta ya kai shi hanji, alhali kuwa hayaƙin da aka zuƙa yana da hanyar da yake bi ya isa can. Sankarar da ke kama wannan bututu ba ta da yawa a cikin jama'a, amma tana cikin masu saurin kai mutum ƙasa, shi ya sa nake ganin bai kamata a ci gaba da barin ta a bayan fage ba idan ana lissafa ɓarnar taba.

Hanta tana haɗa wani ruwa mai ɗaci, mai launin tsanwa da rawaya, kusan rabin lita ko fiye a kowace rana, wanda ke taimaka wa hanji wajen narkar da maiƙo. Ruwan yana fara taruwa ne a ƙananan magudanai da ke cikin hantar kanta, su riƙa haɗuwa kamar yadda rafuka ke haɗuwa su zama kogi, har su fito ta ƙofar hanta a matsayin babban bututu guda, wanda ke gangarawa ya buɗe a farkon ƙaramin hanji. Matsarmama kuwa jaka ce a gefe da ke ajiye ruwan kafin lokacin buƙata. Sankarar tana iya tasowa a cikin hanta, ko a daidai ƙofarta inda manyan rassa biyu ke haɗuwa, ko kuma can ƙasa kusa da hanji. Ta ƙofar hanta ita ta fi yawa, kuma ita ake kira da sunan Gerald Klatskin, likitan Amurka da ya yi cikakken bayaninta a 1965.

To, me ya haɗa hayaƙi da wannan lungu na ciki? A hayaƙin sigari akwai sinadarai sama da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara. Ba a huhu suke tsayawa ba. Suna ratsawa cikin jini, jini kuma ya kai su hanta, wadda aikinta ne tace guba da sauya mata kama domin a fitar da ita daga jiki. Matsalar ita ce, a wajen wannan sauyi ne wasu sinadaran ke rikiɗa su zama masu lahani ga ƙwayoyin halitta, kuma ruwan matsarmama na ɗaya daga cikin hanyoyin da hanta ke zubar da shararta. Ke nan fatar da ta lulluɓe cikin bututun tana iya shafe shekaru tana wanka da ragowar guba, rana bayan rana, a jikin wanda ke shan kwali guda ko biyu a yini. Tun a 2004 hukumar binciken sankara ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya sankarar hanta cikin jerin waɗanda taba ke jawowa.

Alaƙar taba da sankarar bututun ce ta daɗe ba ta fito fili ba, saboda ƙarancin masu cutar ya sa kowane nazari shi kaɗai ba ya samun adadin da zai yanke hukunci da shi. A 2019 aka wallafa wani babban aiki da ya tattara nazarce-nazarce 26 waɗanda suka bi diddigin lafiyar mutane tsawon shekaru. Abin da ya fito shi ne, masu shan sigari suna da haɗarin kamuwa da sankarar bututun da ke wajen hanta kusan ninki 1.7 na waɗanda ba su taɓa sha ba, haɗarin kuma ya haura ninki 2 a daidai bakin da bututun ke buɗewa cikin hanji. Ga magudanan cikin hanta ma an ga ƙarin haɗari, musamman ga masu sha da yawa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, haɗarin yana hawa gwargwadon yawan karan da ake sha da tsawon shekarun da aka yi ana sha, wanda alama ce mai ƙarfi cewa ba dacewa kawai aka yi ba. Jakar matsarmama ita kanta ba a ga alaƙa bayyananna tsakanin sankararta da sigari ba.

Gaskiya ta wajabta a faɗa cewa sigari ba shi ne babban mai laifi a wannan cuta ba. A arewa maso gabashin Tailan, inda cutar ta fi yawa a duniya, tsutsar hanta ce da ake ɗauka daga ɗanyen kifin ruwan daɗi take zama a cikin bututun tana hura kumburi shekara da shekaru. Akwai ciwon hanta nau'in B da C, akwai taurin hanta, akwai tsakuwa a magudanai, akwai kuma cutar da ke sa bututun ya riƙa kumbura yana ƙuntata. A 2012 ma an gano tarin masu cutar a tsakanin ma'aikatan wata maɗaba'a a Osaka ta Japan, sanadin sinadarin wanke injina da suka daɗe suna shaƙa. Wasu daga cikin waɗannan suna ninka haɗarin fiye da yadda sigari ke yi nesa ba kusa ba. Sai dai duk wanda ya duba jerin zai ga cewa akasarinsu kumburi mai daɗewa ne ya haɗa su, kuma mutumin da hantarsa ta riga ta jigata da ɗayansu, idan ya ƙara mata hayaƙi, ya ɗora mata kaya a kan kaya. Ƙarin haɗari na ninki 1.7 yana iya zama ƙarami a ido, amma masu shan taba a duniya sun haura biliyan 1.

Abin da ya sa na damu da wannan cuta shi ne yadda take girma a ɓoye. Sau da yawa ba ta nuna kanta sai ta toshe hanyar ruwan. A lokacin ne farin ido ke komawa rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fat kamar ba na mutum ba, ƙaiƙayi ya addabi jiki har majiyyaci ya kwana yana susa ba tare da ƙurji ko ɗaya ba, ga rama da rashin son abinci. Tiyata ce babbar hanyar da ke ba da fatan warkewa, amma mafi yawan majiyyata suna isa hannun likita bayan ciwon ya wuce yanka. Magunguna irin su gemcitabine da cisplatin, da na ƙarfafa garkuwar jiki da aka ƙara a baya-bayan nan, suna tsawaita rayuwa, amma ba kasafai suke kawar da cutar ba.

Wanda ya daina shan sigari ba ya komawa daidai da wanda bai taɓa sha ba nan take, kuma a nazarin na 2019 an ga sauran haɗari ga waɗanda suka daina sha. Duk da haka kowace shekara da aka yi ba hayaƙi shekara ce da ba a ƙara wa bututun guba ba. Shi kuma mai sha ko tsohon mai sha da ya ga ciwon shawara, wato rawayar ido, ya bayyana masa ba zazzaɓi, ba ciwo mai tsanani, musamman idan shekaru sun fara ja, bai kamata ya zauna jiran ya washe da kansa ba. Gwajin jini na aikin hanta da hoton ciki su ne matakin farko da likita zai gane ko akwai abin da ya toshe hanyar.