Rahoton da na rubuta sau biyu

A watan Afrilu ne, zafin bazara ya kai inda ya kai, wani tsohon abokina da muka yi tashen ƙwallon kwando tare a Samaru ya kira ni daga Sifaniya. Yanzu yana aiki da wani dillalin 'yan wasa a can. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Mutumina, akwai yaron da nake so ka duba min. Shekararsa 19, yana buga wa wata ƙungiya a rukuni na biyu, maigidana kuma yana tunanin sa sunansa a zaɓen sababbin 'yan wasa na bana na NBA, babbar gasar Amurka. Ka faɗa min gaskiya tsakaninka da Allah."

Ni malamin sakandare ne, da yamma nake horar da yara. Amma ɗan Zariya ba a cika kai masa maganar ƙwallon kwando ya ce bai iya ba. A garin nan Masai Ujiri ya taso, a hannun Koci Oliver Johnson na jami'ar Ahmadu Bello ya koyi wasa, kuma da irin wannan aikin ya fara: duba wa ƙungiyar Orlando Magic ta NBA 'yan wasa ba ko sisin albashi, kafin ya zo ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofi a 2019. Da wannan alfaharin na amsa, ko tunani ban tsaya yi ba.

Ga wanda bai san tsarin ba: ƙungiyoyin NBA 30 ne, zaɓen zagaye biyu ne, kowane zagaye gurbi 30, a ƙarshen watan Yuni. Dole yaro ya cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen. Ɗan ƙasar waje da bai kai 22 ba shi ne zai sa sunansa da kansa, kuma yana da damar janyewa kafin ranar. Wato abin da ake tambaya ta shi ne, a bar sunan ko a jira baɗi.

Abokina ya turo min bidiyon bajintar yaron na minti shida, da kuma cikakkun wasanni uku. Data ta yi tsada, sai na sauke ɗan guntun kawai. Kai, abin ya tafi da ni! Dogo ne siriri, yana cusa ƙwallo a kwando kamar mai sa goro a aljihu, yana kaɗe jifan abokan hamayya har cikin 'yan kallo. A daren na cika shafi biyu da yabo. Har na kwatanta shi da tauraron NBA Giannis Antetokounmpo, wanda shi ma daga rukuni na biyu na Girka Milwaukee ta ɗauko shi a lamba ta 15 a 2013.

Allah ya sa kafin in tura na biya wajen wani dattijon koci da ya horar da mu muna yara. Na same shi a bakin fili bayan la'asar, a kan bencinsa na kullum. Ya karanta, ya ninke takardar, ya miƙo min.

"Sau nawa ya zubar da ƙwallo?"

Na ce, "Baba, ai ba a nuna ba."

"Idan aka ci su, da gudu yake komowa ko da tafiya?"

Na yi shiru.

"To, ka yi cinikin biri a sama. Wanda ya yanka bidiyon nan sayar da yaron yake so ya yi. Ko ni da gwiwata ta mutu, a ba ni minti shida sai na fito tauraro."

Kwana huɗu na yi a kan wasannin nan uku, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane wasa kallo biyu. A kallo na biyu na hana idona bin ƙwallo, yaron kaɗai nake bi. Abin yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin ido shi da ƙwallo kamar kaza ce da tsaba.

A nan na ga wani yaro daban. Idan ɗan wasan da yake tsaro ba ya riƙe da ƙwallo, sai ya miƙe tsaye, gwiwa a sandare, ya juya masa ƙeya. Sau biyu a wasa ɗaya aka zagaya ta bayansa aka ci. Duk sanda aka tilasta masa bin hagu, sai ya tsaya ya nemi wanda zai miƙa wa. Kaɗe jifan da ya burge ni kuwa, da yawansu tsalle ne na ganganci, da zarar an yi masa ƙaryar jifa ya tashi sama.

Sai dai akwai wani abu da guntun bidiyon ya ɓoye, wanda ya fi duk abin da ya nuna daraja. A wasa na biyu, kocinsa ya cire shi bayan ya yi kuskure, ya yi masa faɗa a gaban jama'a. Kyamara ta ɗan tsaya a kansa. Bai jefar da tawul ba, bai kau da kai ba. Ya jawo wani babban ɗan wasa da ke gefensa yana tambayarsa, yana zana wani abu da yatsa a tafin hannu. Da aka mayar da shi, aka sake yi masa dabarar nan, sai ga shi ya tare hanya. Na mayar da wurin baya ya fi sau biyar. Sannan jifansa daga layin fawul mai laushi ne, hannun ba ya canzawa ko ya gaji. Masu wannan sana'a sun daɗe suna ɗaukar jifan fawul a matsayin alamar wanda zai iya koyon jifan nesa, ga shi kuwa layin maki uku na NBA mita 7.24 ne daga kwando idan kana fuskantarsa, na sauran duniya 6.75.

Na koma kan alƙaluma da sabon ido. Makinsa kaɗan ne, amma mintocinsa ma kaɗan ne, kuma da magidanta masu iyali yake gogawa, ba da sa'anninsa ba. Wasan Turai minti 40 ne, na NBA 48, kuma wasa 82 a kaka kafin a shiga zagayen kofi. Jikin nan nasa ba zai ɗauka ba tukuna. Na nemi a auna min tsayinsa ba takalmi, da faɗin hannuwansa idan ya ware su, irin yadda masu haƙar rijiya suke auna igiya, daga yatsa zuwa yatsa. Na kuma tambayi takardar haihuwa. Abokina ya yi dariya, don mu da muka buga gasar 'yan ƙasa da 17 da masu aske gemu mun san dalilin tambayar.

Kwatancen Giannis shi na fara gogewa. Manya ma da jiragensu da likitocinsu suna faɗuwa a wannan jarrabawa: Detroit ta ɗauki Darko Milicic a lamba ta 2 a 2003 ta bar Carmelo Anthony da Dwyane Wade da suka fi shi nesa ba kusa ba, Nikola Jokic kuwa, da ya zo ya zama tauraro, sai a lamba ta 41 Denver ta kira shi a 2014.

Rahoto na biyu shafi ɗaya ne. Na ce yaron yana jin gyara, hannunsa na da kyau, tsaronsa da hagunsa da ƙarfin jikinsa ba su nuna ba, a janye sunan a nema masa ƙungiyar da za ta ba shi mintoci. Abokina ya ce maigidansa bai ji daɗi ba, amma wasu mutum biyu ma haka suka faɗa. Aka janye.

Daren zaɓen na tashi ƙarfe ɗaya, ana yayyafi, na kalla a waya duk da na san ba za a kira shi ba. Washegari da yamma na raba wa manyan yarana takardu da fensir, na ce yau ba su za su buga ba, kowa ya zaɓi ƙaramin yaro ɗaya ya bi shi da ido. Wani ya ce, "Koci, idan ƙwallo ba ta wajensa fa, me zan rubuta?" Baba yana kan benci, ya ce, "Zo nan ka zauna, in nuna maka."